Ingila: baƙi na raguwa, fushi na ƙaruwa

Ran 27 ga watan Nuwamba na shekarar 2025, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasar Birtaniya ta fito da wani adadi wanda, da a ce siyasa lissafin kanti ce, da ya ishi gwamnatin Landan ta sa a yi kwana bakwai ana buga tambura. Rarar baƙin da ƙasar ta samu cikin watanni goma sha biyun da suka ƙare a Yunin 2025 ta tsaya a mutum dubu 204. Shekara biyu da ƴan watanni kafin nan, wato a shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2023, wannan rara ta kai dubu 944, abin da ƙasar ba ta taɓa gani ba. Ke nan kusan kashi 80 cikin ɗari sun zube.

To amma ba a buga tambari ba, ba a yi guɗa ba. Faraminista Keir Starmer da kansa bai wuce cewa an kama hanya ba. Ƴan adawa suka ce da sauran aiki. Ita kuwa jama'a, binciken jin ra'ayi da cibiyar British Future ta fitar a wannan tsakanin ya nuna fiye da rabin waɗanda aka tambaya sun yi imani baƙi ƙaruwa suka yi. A daidai lokacin kuma jam'iyyar Reform ta Nigel Farage, wadda babbar hajarta a kasuwar siyasa ita ce maganar baƙi, ta yi watanni tana kan gaba a binciken ra'ayin masu zaɓe.

Akwai masu sharhi da suka gaggauta yanke hukunci: wai jahilci ne, wai talakan Ingila bai iya karanta lissafi ba, wai jaridu ne suka hure masa kunne. Mu ba mu gamsu da wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk gwamnatin da ta ɗauka adadi kaɗai zai sayo mata yardar da aka yi shekara goma sha biyar ana ɓarnatarwa, to ta shirya shan mamaki.

Bari mu fara da adadin kansa, don ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ba a amincewa da jimla sai an ga yadda aka haɗa ta. Ana ƙirga duk wanda ya shigo ƙasar don ya zauna wata goma sha biyu ko fiye, ɗalibi ne, ma'aikaciyar jinya ce, mai neman mafaka ne, ko ɗan ƙasa da ya dawo gida. Sai a cire duk wanda ya fita da irin wannan niyya. Abin da ya saura shi ne rarar shige da fice. A shekarar da muke magana, wajen mutum dubu 898 suka shigo, wajen dubu 693 suka fita. Mai karatu ya lura: rara ce ta ragu, amma har yanzu rara ce. Wanda ya saba zuba tulu tara a randa kullum, ran da ya zuba biyu ruwan randa bai yi ƙasa ba, ƙaruwarsa ce ta yi sanyi. Tsakanin 2022 da 2024 rarar ta haura mutum miliyan 2, kuma akasarinsu suna nan, suna hawan bas, suna neman hayar ɗaki, suna kai ƴaƴansu makaranta. Mutumin unguwa da aka tambaya ko baƙi sun ragu, randa yake kallo, ma'aikacin ƙididdiga kuwa tulu yake ƙirgawa. Amsarsa ba ta dace da tambayar ba, amma ba ƙarya idonsa ya faɗa masa ba.

Sai kuma tarihin alkawari, wanda a ganinmu nan ne gizo yake saƙar. A 2010 David Cameron ya hau mulki da alkawarin zai maido rarar ƙasa da dubu 100 a shekara. Jam'iyyarsa ta masu ra'ayin riƙau ta sake rubuta wannan alkawari a takardun kamfe na 2015 da 2017. Ba a cika shi ba. A ƙarshen watan Mayu na 2016, ƙasa da wata guda kafin ƙuri'ar raba gardama kan zama ko fita daga Tarayyar Turai, aka sanar cewa rarar 2015 ta kai dubu 333. Masu kamfen ficewa suka samu abin da suke nema, suka ce wa jama'a a fita a karɓe makullin ƙofa daga hannun Buruksel. Ran 23 ga Yuni kusan kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita.

An fita, an karɓi makulli. Daga Janairun 2021 ɗan Folan ko ɗan Romaniya ba shi da sauran ƴancin shigowa ya kama aiki ba tare da biza ba. To me gwamnatin Boris Johnson ta yi da makullin? Ta buɗe ƙofa fiye da yadda aka taɓa buɗe ta. Ta ba ɗaliban waje damar zama shekara biyu suna aiki bayan kammala karatu. A Fabrairun 2022 ta saka masu kula da tsofaffi da gajiyayyu cikin waɗanda za a ba bizar aiki, da iyalansu. Ta karɓi ƴan gudun hijirar Yukiren da mutanen Hong Kong. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa: a Ingila kaɗai guraben aikin kula da tsofaffi da aka rasa masu cike su sun kai dubu 165 a 2022, jami'o'i kuma, da yake an daskare kuɗin karatun ɗan ƙasa a fam 9,250 daga 2017 zuwa 2025, da kuɗin ɗaliban Indiya da Sin da Nijeriya suke biyan malamai. Sai dai ba a taɓa fitowa fili an gaya wa mai zaɓe haka ba. A bakin taro ana cewa za a rage, a ofis ana buga hatimi a kan biza. Mutumin da ya jefa ƙuri'a sau huɗu ko biyar don a rage, ya wayi gari an ninka masa kusan sau uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ita ma ma'aikatar ƙididdigar ba ta taimaki kanta ba, kuma ma'aikatanmu na gwamnati za su gane wannan ciwo. Shekara da shekaru, har zuwa 2020, tushen lissafinta shi ne tsayar da wasu matafiya a filayen jirgin sama da tashoshin ruwa a tambaye su niyyarsu. Da ta koma amfani da takardun biza da na haraji, sai gyara ya bi gyara. A Mayun 2023 ta ce rarar 2022 dubu 606 ce. Bayan wata shida ta ce a'a, dubu 745 ce. Daga baya ta sake ɗagawa. A Nuwamban 2025 ta gano cewa ƴan ƙasar da suka yi ƙaura a 2024 ba dubu 77 ba ne kamar yadda ta faɗa, dubu 257 ne. Gyara kuskure aikin kirki ne, kuma ma'aikatar da ke fitowa ta gyara ta fi wadda ke binne kuskurenta daraja. Amma mai sayen hatsi da aka canza masa tiya sau uku a kasuwa guda, ba ya ƙara yarda da awon ko da na huɗun ne daidai.

Wa ya rage adadin? Nan akwai abin dariya, akwai na takaici. Gwamnatin Rishi Sunak ce ta ɗaure igiyar. Daga Janairun 2024 aka hana akasarin ɗaliban digiri na biyu zuwa da mata ko miji da ƴaƴa. Daga Maris aka yi wa masu kula da tsofaffi irin wannan hani. A Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da zai ba mutum bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, kusan miliyan 30 na kuɗin sefa. Amma lissafin ƙaura nawa gare shi, sai shekara ta zagayo ake ganin sakamako. Ran 4 ga Yulin 2024 masu zaɓe suka yi wa jam'iyyar Sunak dukan da ba ta taɓa sha ba, ta tsira da kujera 121 cikin 650. Jam'iyyar Leba ta kwashe 411. Da adadin ya faɗi sosai, Leba ce bisa kujera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, sai dai a wannan karon gardin ma ya miƙa ƙoƙo bai samu ko dala ba.

Dalili kuwa shi ne hankalin jama'a ya riga ya koma wani wuri, wato bakin mashigin ruwan Mansh da ke tsakanin Faransa da Ingila. Mutum 36,816 suka tsallaka shi cikin ƙananan jiragen roba a 2024, a 2025 kuma 41,472. In aka gwada da dukan masu shigowa, ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma ma'aikaciyar jinyar da ta sauka a filin jirgin Landan da bizarta ba mai ɗaukar hotonta, shi kuwa jirgin roba cike da samari kullum yana cikin talabijin da wayar hannu. Gani ya kori ji. Wani bincike na kamfanin YouGov a 2025 ya nuna kusan rabin mutanen ƙasar suna zaton baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba sun fi masu takarda yawa, alhali gaskiyar ta yi nisa da haka ƙwarai.

Bayan jirgin roba sai otel. Da yake shari'ar neman mafaka tana jan lokaci, kuma doka ta hana mai jira yin aiki, gwamnati ta yi hayar otel-otel tana zuba su ciki. A ƙarshen Satumban 2025 sun kai mutum dubu 36. Sau da yawa a garuruwan da masana'antu suka mutu ake ajiye su, inda haya ke da araha, inda kuma mutane suka fi jin an manta da su. Mai karatu ya sa kansa a matsayin mutumin irin wannan gari: albashinsa bai yi wani motsin kirki ba tun rikicin bankuna na 2008, kuɗin haya ya tashi, jerin masu jiran aiki a asibitocin gwamnati ya haura miliyan 7, ga kuma otel ɗin da aka yi bikin aurensa an kewaye shi da masu gadi. A zo a ce masa rara ta ragu da dubu ɗari bakwai, me ya shafe shi? A Agustan 2024 ƴan zanga-zanga sun yi yunƙurin cinna wa wani otel wuta a Rotherham da mutane a ciki, bayan an baza ƙaryar cewa wanda ya kashe ƴan mata uku a Southport Musulmi ne mai neman mafaka, alhali haifaffen ƙasar ne. A Yulin 2025 aka yi makonni ana dafifi a ƙofar wani otel a Epping, bayan an tuhumi ɗaya daga cikin mazaunansa da cin zarafin wata yarinya, kotu kuma ta same shi da laifi. Ran 13 ga Satumba sama da mutum dubu 100 suka yi maci a Landan bisa kiran Tommy Robinson, mutumin da a da manyan jam'iyyu ke ƙyamar a gan su kusa da shi.

Fahimtar dalilin fushi ba wanke mai cinna wuta ba ne. Wanda ya nufi ƙona ɗan Adam da ransa mai laifi ne, ko me ke cin zuciyarsa. Abin da muke cewa shi ne fushin yana da saiwa, kuma saiwar ba ta cikin takardar ƙididdiga.

Yanzu mu dubi abin da ƴan siyasa suka yi da wannan fushi. A zaɓen 2024 Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kashi 14 cikin ɗari, amma tsarin zaɓen ƙasar ya ba ta depite 5 kacal. Ran 1 ga Mayun 2025 ta lashe kujeru 677 a zaɓen ƙananan hukumomi, ta karɓe majalisu 10, ta kuma ƙwace mazaɓar Runcorn daga hannun Leba da ratar ƙuri'a 6. Kwana goma sha ɗaya bayan haka Starmer ya fito ya yi jawabin da ya ce ƙasar na fuskantar haɗarin zama tsibirin da mazaunansa ba su san juna ba, ya kuma jero sababbin matakan tsuke ƙofa. Daga baya ya ce ya yi nadamar wannan kalma. Abin lura shi ne kwana goma bayan jawabin aka sanar cewa rarar 2024 ta faɗi da kusan rabi, kuma alkaluman biza da ke hannun gwamnati sun daɗe da nuna inda aka dosa. Wato maimakon ya tsaya ya ce wa jama'a ga abin da ya ragu, ga abin da ya rage, ga kuma abin da ragin zai ci mana, sai ya zaɓi ya tabbatar musu cewa gobara na ci. Ɗan kasuwar da ya koma yi wa hajar maƙwabcinsa talla kada ya yi mamaki in masu saye suka wuce rumfarsa suka shiga ta gaba.

Shi kuwa Farage, da ya ga tulu ya ragu, sai ya koma kan randa. A Agustan 2025 jam'iyyarsa ta yi alkawarin korar mutum dubu 600 cikin shekara biyar. A Satumba ta ce za ta soke takardar zaman dindindin baki ɗaya, har ga waɗanda suka riga suka mallake ta. A Oktoba masu ra'ayin riƙau, ƙarƙashin Kemi Badenoch, suka ce su ma za su fitar da ƙasar daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, su riƙa korar dubu 150 a shekara. A Nuwamba ministar cikin gida ta Leba, Shabana Mahmood, ta gabatar da shirin maida matsayin ɗan gudun hijira na wucin gadi, a riƙa sake duba shi duk wata 30, wasu kuma su jira shekara 20 kafin zaman dindindin. Cikin wata shida, a daidai lokacin da adadin ke gangarowa, gardamar ta tashi daga "nawa za su shigo" ta koma "wa za a fitar". Kar a manta kuma da shirin kai masu neman mafaka Ruwanda, wanda gwamnatin Leba ta ce ya lashe fam miliyan 700, sama da miliyar 500 na sefa, kuma mutum huɗu kawai suka tafi, su ma da son ransu.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a gare mu, don mun taɓa zama masu riƙe wa Turai ƙofa. A Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, sana'ar da Agadas ta daɗe tana ci da ita ta koma laifi, masu tsallakawa kuma suka bar hanyar rijiyoyi suka bi ta inda jandarma ba ya gani, inda kuma ba mai ƙirga gawa. Da wannan, da kuma yarjejeniyar da Italiya ta ƙulla da Libiya a 2017, masu isa gaɓar Italiya ta teku suka faɗo daga dubu 181 a 2016 zuwa dubu 23 a 2018, zuwa dubu 11 a 2019. To hankalin masu zaɓen Italiya ya kwanta? Jam'iyyar Lega ta Matteo Salvini, mai ƙyamar baƙi, ta samu kashi 17 cikin ɗari a Maris na 2018, ta kuma samu kashi 34 a zaɓen majalisar Turai na Mayun 2019. Gwamnatin da ta rage adadin ita ce ta faɗi. An soke dokar tamu a Nuwamban 2023, amma duk wanda gobe za a zo masa da jakar kuɗi a ce ya tare hanya don hankalin Turawa ya kwanta, ya kamata ya fara tambayar wane adadi ne zai kwantar da shi, tun da na Italiya bai yi ba, na Ingila ma bai yi ba.

Saura maganar wanda ke biyan kuɗin wannan ciniki, don ba a rage dubu ɗari bakwai kyauta. Jami'o'in Ingila da dama sun shiga giɓin kasafi suna sallamar ma'aikata. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun fi kowa jin hanin zuwa da iyali, don a 2022 su ne kan gaba, da bizar iyalan ɗalibai sama da dubu 60. Ga faɗuwar naira tun 2023 ta zo ta ƙarasa abin da doka ta fara. A Yulin 2025 aka rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya, alhali tsofaffin ƙasar ba raguwa suke ba, kuma albashin aikin bai kai abin da zai ja hankalin ɗan ƙasa ba. Ba wata jam'iyya daga cikin manyan da ta fito ta ce wa mai zaɓe: in kana son a rufe wannan ƙofa, to shirya ƙarin haraji don a biya wanda zai wanke mahaifiyarka ya ba ta abinci. Irin shirun da aka yi a 2022 lokacin buɗewa, shi aka sake yi lokacin rufewa.

Su kuwa waɗanda suka amsa kiran 2022, suka sayar da fili ko suka ci bashi suka tafi, an ba su biza ne bisa ƙa'idar cewa bayan shekara biyar za su iya neman zaman dindindin. A shawarar da gwamnati ta gabatar a Nuwamban 2025, an nemi a maida wa'adin kowa shekara goma, na masu ƙaramin albashi irin masu kula da tsofaffi kuma shekara goma sha biyar, har da waɗanda suka riga suka shigo. Matar da ta bar Legas ko Harare a 2022 tana ƙirga 2027, bisa wannan shawara sai ta ƙirga 2037, kuma a duk tsawon wannan lokaci bizarta na ɗaure da sunan wanda ya ɗauke ta aiki.